Tsutsar teku mai bin lissafin wata: yadda take rayuwa da abin da masu bincike ke nema a jikinta

Wata ɗaliba mai karatun ilimin halittu ta aiko da tambaya. Ta ce an ambata musu a darasi cewa akwai ɗakunan bincike a Turai da suka shekara da shekaru suna kiwon tsutsotsin teku. Tana son sanin yadda tsutsar ke rayuwa daga ƙwai zuwa mutuwa, da kuma abin da zai sa masani ya bar ɓera da ƙuda, waɗanda kowa ya san amfaninsu a bincike, ya koma wa tsutsa.

Ƙanwata, tambayoyin nan naki biyu amsarsu a haɗe take. Yadda tsutsar ke rayuwa shi ne dalilin kiwonta, kuma shi ne babbar wahalar kiwon.

Da farko ki cire tsutsar ciki daga ranki, waɗannan ba ruwansu da jikin mutum. Dangin tana ne da matsattsaku, masu jiki gaɓa-gaɓa, sai dai na teku suna da 'yan ƙafafu a gefen kowace gaɓa, da gashi mai tauri a bakin ƙafafun. Ire-irensu sun haura dubu goma. Akwai da dama da ake bincike da su, kamar Capitella teleta mai zama cikin laka da Hydroides elegans mai liƙe wa jikin jiragen ruwa, amma zan tsaya a kan Platynereis dumerilii, domin ita aka fi sani ciki da bai. Idan ta girma ba ta wuce santimita 2 zuwa 4. Tana zaune cikin ciyayin bakin teku a ruwa marar zurfi, a Bahar Rum da gaɓar Turai ta Tekun Atlantika. A 1953 wani masani Bajamushe, Carl Hauenschild, ya fara kiwonta a ɗaki da irin da aka samo daga ruwan Napoli a Italiya, kuma tun daga lokacin kiwon bai yanke ba.

Dalilin komawa gare ta yana cikin yadda masana suka kasa dabbobi. A lissafinsu, dabbobin da ke da gaba da baya, dama da hagu, gida uku ne manya, kuma rabuwarsu ta haura shekara miliyan 500. Gida na farko ya ƙunshi kifi da ɓera da mutum. Na biyu masu yin saɓa ne, su ƙwari da ƙaguwa. Na uku shi ne na tana da dodon koɗi da kawa. To, ƙudan 'ya'yan itace da 'yar tsutsar ƙasa C. elegans, waɗanda aka gina yawancin ilimin ƙwayoyin gado a kansu, duk 'yan gida na biyu ne, kuma dukansu sun yi saurin sauyawa, sun zubar da abubuwa da yawa a hanya. Gida na uku kuwa an daɗe ba shi da wakili na kirki. A 2005 masu bincike a EMBL, cibiyar nazarin halittu ta Turai da ke Heidelberg a Jamus, suka nuna cewa tsarin ƙwayoyin gadon Platynereis ya fi kusa da na mutum a kan na ƙuda. Wannan ya jawo mata jama'a. Ni dai ina ja wa ɗalibai kunne a nan: kada ki ce tsutsar nan kakar dabbobi ce da ta rage a raye. Ita ma ta yi tata tafiyar ta shekara miliyan ɗari biyar, sauyinta ne kawai bai kai na ƙuda sauri ba.

Bari mu bi ta daga ƙwai.

Da safe mai kula da kiwo yakan zaga akwatunan, ya tsamo waɗanda suka balaga cikin dare, ya sa mace ɗaya da namiji ɗaya a ƙaramin kofin gilashi mai ruwan teku. Cikin ɗan lokaci sun zuba. Mace ɗaya tana ba da ƙwai dubu biyu zuwa uku, kowanne faɗinsa kimanin maikuromita 160, wato sai an jera shida kafin su cika milimita ɗaya. Mai kiwo ba ya buƙatar maikuroskof kafin ya san ko maniyyi ya shiga. Ƙwan da ya ɗauka yakan fitar da wani kauri mai yauƙi ya kewaye kansa, yauƙin ya ture maƙwabta, sai ki ga ƙwayayen sun jeru a gindin kofi da tazara daidai wa daida tsakaninsu. In sun cure wuri ɗaya, an yi asarar wannan zubin.

Abin da ya sa masu nazarin girman ɗan tayi ke son ta shi ne dubban ƙwayayen nan sun ɗauka a minti ɗaya, kuma a zafin digiri 18 tare suke tafiya. Abin da kika gani a ɗaya a awa ta 30, shi za ki gani a sauran. Shi ya sa a rubuce-rubucensu ba sa cewa ƙarami ko babba, awa suke ƙirgawa daga shigar maniyyi. Ki riƙa duba zafin da aka ambata, domin in ruwan ya ƙara ɗumi lissafin awannin ya tashi.

Wajen awa biyu ƙwan ke rabuwa biyu, ɗaya ɓangaren ya fi ɗaya girma. Daga huɗu zuwa takwas, ƙwayoyin halittar da ke sama ba sa zama daidai kan na ƙasa, sukan karkace su zauna a tsakankaninsu, rabuwa ta gaba kuma ta karkace ta ɗaya gefen. Tsarin ba ya kuskure, har kowace ƙwaya tana da suna da lamba. Akwai wadda ake kira 4d, daga ita yawancin tsokar gangar jiki ke fitowa, daga ita kuma ake samun ƙwayoyi huɗu da za su zama tushen ƙwai ko maniyyin tsutsar watanni masu zuwa. Wannan bin diddigin ba sabon abu ba ne. Edmund Wilson ya yi shi da ido da fensir a kan 'yar'uwarta Nereis, ya buga a 1892. A tashar bincike ta Woods Hole a Amurka kuma, Ernest Everett Just, baƙar fata malami a Jami'ar Howard, ya nuna a 1912 cewa wurin da maniyyi ya shiga ƙwan Nereis yana da hannu wajen tsaida layin rabuwar farko. Just ya shahara da iya riƙon ƙwan dabbobin teku, har manyan masana na neman shawararsa, duk da wariyar da ta hana shi kujera a manyan jami'o'in Turawan ƙasarsa. A 1929 ya tafi Napoli ya ci gaba da aiki.

Kafin kwana ɗaya ya cika, abin da ke cikin kofin bai yi kama da tsutsa ko kaɗan ba. Ɗan dunƙule ne mai ɗamarar ƙananan gasu a tsakiya, gasun na kaɗawa, shi kuma yana tafiya yana juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa. Masana na kiransa turokofo. Ba ya cin komai, guzurin da uwa ta zuba a ƙwai yake ƙonawa, kuma ana hango ɗigon mai guda huɗu manya a cikinsa. Jikinsa garau yake, haske na ratsa shi.

A nan ne, a ganina, tsutsar ta fi biyan masu kiwonta. Ɗan dunƙulen yana da ido biyu, kowane ido ƙwayar halitta biyu ce tak: ɗaya mai jin haske, ɗaya mai launi da ke yi mata inuwa ta gefe guda. Ba ya ganin siffar komai, iyakarsa ya san ta ina haske ke zuwa. Idan kika haska fitila a gefen kofi, cikin 'yan mintuna za ki ga duk sun taru a wannan gefen. Tambayar ita ce yaya abin da bai da ƙwaƙwalwar kirki ke juya kansa ya nufi haske. Gáspár Jékely da abokan aikinsa suka ba da amsa a 2008. Ƙwayar mai jin haske tana da jijiya da ta tafi kai tsaye zuwa ga gasun da ke kusa da ita. In haske ya same ta, gasun gefen nan su sauya bugu, ruwan da suke turawa ya ragu, jiki ya ɗan karkata. Da yake yana tafiya yana juyi, kowane ido na samun nasa rabon hasken bi da bi, karkata kan karkata har hanci ya fuskanci fitila. Babu wani tunani a tsakani, daga ido sai gashi. Masu nazarin asalin ido sun daɗe suna hasashen cewa mafi sauƙin ido zai kasance ƙwaya biyu irin wannan, sai ga shi a raye ana iya gwada shi.

Akwai wani abin a cikin kansa. Ƙwayoyin jin haske iri biyu ne a duniyar dabbobi: irin na idon ƙwari, da irin na idonmu. An ɗauka kowane gida da nasa. A 2004 Detlev Arendt da abokansa suka tarar tsutsar na da duka biyun, irin na ƙwari a idanunta, irin namu kuma a binne cikin ƙwaƙwalwarta, da sinadarin kama haske mai kama da namu. Daga baya aka gano waɗannan na cikin ƙwaƙwalwa suna jin hasken rana mai ƙuna da idonmu ba ya gani, kuma in ya yi yawa sai ɗan tsutsar ya nitsa ƙasa. Haka kuma melatonin, sinadarin da ke sauko mana da barci, yana aiki a jikinsa da dare, yana sa gasun su riƙa tsayawa.

A kwana na uku jiki ya miƙe, gaɓoɓi uku sun fito da ƙafafu da gashinsu, idanu huɗu na manya sun bayyana, tsoka ta fara aiki. Yanzu yana iyo, yana kuma iya rarrafe. In ruwa ya girgiza kusa da shi, sai ya tsaida gasun iyo cak ya baje masu taurin, ya zama abin da ke da wuyar haɗiya. Ƙwayoyin gadon da ke ba shi wannan jin girgiza 'yan gida ɗaya ne da waɗanda lalacewarsu ke jawo wa mutum ciwon ƙoda mai ƙulle-ƙullen ruwa. Wannan ɗan kwana ukun ne aka yanka siriri-siriri dubbai, aka ɗauki hoton kowane yanki, aka bi jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya har aka zana taswirar yadda suke haɗe a duk jikin.

Tsakanin kwana biyar zuwa bakwai guzuri ya ƙare, baki da hanji sun buɗe, sai ya sauka ƙasa ya fara ci. Saukar ma ba haka kawai take ba, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki, MIP, shi ke ba da umarni, kuma in an zuba shi a ruwa sai su sauka tun lokaci bai yi ba. Da ya sami wuri sai ya saƙa wa kansa bututu da zaren da ke fita daga jikinsa, ya shige. Bayan 'yan makonni gaɓar farko takan rasa gashinta ta haɗe da kai, ƙafafunta su zama dogayen gashin baki na shinshina.

Daga nan sai watanni na ci da girma. Da rana tana cikin bututu, da dare ta leƙo ta yagi ciyawa da muƙamuƙanta ta ja ciki. Masifaffiya ce, in an cunkusa su a akwati ɗaya sukan ciji juna. Sababbin gaɓoɓi daga wajen wutsiya suke fitowa ɗaya-ɗaya, har su kai saba'in ko fiye. In aka yanke wutsiyar, cikin kwana biyar ta tsiro da sabon wurin tsiro ta ci gaba da ƙara gaɓoɓi. Kai ne ba ta iya mayarwa.

Duk tsawon wannan lokaci ba ki iya cewa wannan mace ce ko namiji da ido. Ba ta ma da mahaifar ƙwai ko maraina a wuri guda, ƙwayoyin haihuwar suna yawo ne cikin ruwan jikinta, wasu ƙwayoyi masu tara mai suna ciyar da su. Abin da ke riƙe ta a ƙuruciya yana cikin ƙwaƙwalwa. Hauenschild ya gwada: in an cire kan, gangar jikin sai ta yi saurin balaga tun lokacinta bai kai ba, in an dasa mata ƙwaƙwalwar ƙaramar tsutsa a ciki, sai balagar ta tsaya, ikon tsiro da wutsiya ya dawo. Ke nan sinadari ɗaya ke cewa a ci gaba da girma, a dakata da haihuwa. An shafe shekaru kusan sittin ana neman ko wane ne, sai a 2016 masu bincike a Vienna, babban birnin Austriya, suka ce methylfarnesoate ne, ɗan'uwan sinadarin da ke riƙe ƙwari a ƙuruciya. Sun kuma ga cewa wasu magungunan kashe ƙwari da aka ƙera don su kwaikwayi wannan sinadari suna taɓa ƙwayoyin tsutsar, abin da ya kamata masu fesa su kusa da ruwa su sani.

Idan sinadarin ya ja baya, cikin 'yan kwanaki dabbar takan zama wata daban. Ta daina ci, hanjinta ya shanye. Idanu su kumbura. Ƙafafun baya su faɗaɗa su zama na iyo, a rushe tsohuwar tsoka a gina sabuwa mai sauri. Mace ta koma rawaya saboda ƙwan da ya cika ta, namiji gabansa fari saboda maniyyi, bayansa ja saboda yawan hanyoyin jini. A daren ƙarshe su bar bututu su hau saman ruwa. Da sun ji ƙamshin juna sai iyo ya ƙara sauri, suna zagaya juna cikin ƙananan da'irori, abin da masana ke kira rawar aure. Sinadarin da mace ke saki ya sa namiji zuba maniyyi shi ne yurik asid, wanda in ya taru a gaɓoɓin mutum yake sa ciwon gawut. Ita kuma fatar jikinta ke tsagewa ƙwai ya fita. Daga nan duk biyun sun gama, ba sa ƙara kwana mai yawa. Haihuwa ɗaya ce a rayuwa.

Dabbar da ke da dare ɗaya tak, a teku mai faɗi, dole ta san daren da sauran za su fito. Nan wata ya shigo. Tun farkon ƙarni na ashirin masu lura a Napoli da gaɓar Faransa suka ga yawan masu fitowa na hawa da sauka da kwanan wata, Just ma da malaminsa Frank Lillie sun rubuta irin haka a kan Nereis a 1913. Hauenschild ya mayar da abin gwaji. A ɗakin da ba taga, ya riƙa kunna 'yar fitila marar ƙarfi na wasu darare a jere kowane wata, sauran dararen duhu. Tsutsotsin suka ɗauki fitilar a matsayin farin wata, mafi yawansu suka riƙa balaga a kwanakin duhun da ke biyo baya. Har yau haka ake yi: awa 16 haske, awa 8 duhu, da kimanin mako guda na watan ƙarya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne in an daina kunna fitilar daren gaba ɗaya, ba sa rikicewa nan take. Sukan ci gaba da balaga a kan lissafin wata har wasu watanni. Ke nan ba amsa haske kawai suke yi ba, agogo ne a jikinsu mai zagayen wata guda, hasken dare saita shi kawai yake yi. Ƙungiyar Kristin Tessmar-Raible a Vienna ta nuna a 2013 cewa wannan agogon dabam yake da agogon kwana: sun ba tsutsotsi maganin da ya hargitsa na kwana, na wata ya ci gaba da tafiya. A 2022 suka bayyana aikin wani furotin mai suna L-Cry, wanda ke bambance hasken wata da na rana. A ƙarƙashin hasken wata siffarsa da mazauninsa cikin ƙwayar halitta dabam, a ƙarƙashin rana dabam, kuma shi ke tsare agogon kada kowane haske ya juya shi. Sun ga kuma hasken wata na gyara sa'ar fitowa, ta yadda rawar za ta faɗa a ɓangaren daren da ya fi duhu. Agogon kwana an san ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi, har an ba da kyautar Nobel a kansa a 2017. Na wata kuwa ana kan tono, kuma wannan tsutsa na cikin 'yan dabbobi ƙalilan da za a iya tonon a jikinsu, don ana iya kiwonta, a sauya mata wata, a kuma lalata mata ƙwayar gado ɗaya a ga abin da zai faru. Murjani ma da wata yake zuba ƙwai, amma wa zai iya jiran sau ɗaya a shekara? A Samoa akwai wata tsutsar, palolo, da ke fitowa kimanin mako guda bayan cikar wata a Oktoba ko Nuwamba, mutane su fita da dare su kwashe ta su ci. Ita wutsiyarta kawai take sakewa ta hau sama, gaban ya zauna cikin dutse ya sake tsiro.

Sai wahalar. C. elegans kwana uku take yi daga ƙwai zuwa haihuwa, ƙuda kimanin kwana goma. Platynereis mafi sauri wata uku, galibi wajen rabin shekara, wasu har wata 18, kuma 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa balaga tare. Ki ɗauka kin yi wata shida kina renon mace mai ɗauke da canjin gadon da kike nazari. Ta balaga yau. In babu namijin da ya dace da ya balaga a wannan daren, ta tafi da aikinki, don ba ta jira kuma ba a maimaitawa. Shi ya sa ɗalibin digiri na uku da ke aikin gado da ita yake ajiye akwatuna da yawa fiye da yadda yake buƙata, kuma ba ya tafiya hutu a makon da ake sa ran fitowa. Duk wanda tambayarsa ƙuda zai iya amsa ta, ya tsaya a kan ƙuda.

Kiwon kansa ba tsada gare shi ba. Akwatunan roba ne marasa zurfi, da ruwan teku, da iska da ake hurawa, abinci kuma alayyafon Turawa da garin abincin kifi da gansakukar ruwa. Alayyafon dole ya zama wanda ba a fesa wa magani ba. Nisa da teku ma ba ya hanawa, Austriya da ake kiwonta a can ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Abin da zai ba mai sha'awar kiwonta a Kano ko Zariya ciwon kai shi ne riƙe ɗaki a digiri 18 dare da rana duk shekara, da fitilun da ba za su ɗauke ko su kawo a lokacin da ba nasu ba.

Wanda kuma zai je bakin teku ya kamo da kansa, akwai tarko. Tana da 'yar'uwa, Platynereis massiliensis, wadda kafin balaga ba a iya bambanta su da ido, har an daɗe ana ɗaukarsu iri ɗaya kafin Hauenschild ya raba su a 1951. Ita ba ta sauya jiki, ba ta hawa saman ruwa. Takan fara rayuwa a namiji, daga baya ta koma mace, a zuba manyan ƙwai cikin bututu a rene su a nan, 'ya'yan su fito suna rarrafe ba tare da sun yi yawo a ruwa ba. A tsibirin Ischia kusa da Napoli akwai wuraren da iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku tana sa ruwan tsami. Da aka bincika tsutsotsin wurin, masu renon ƙwai a bututu aka tarar sun fi yawa a cikin ruwan tsamin, masu sakin ƙwai a fili kuma a wajensa.